Amsa: Allurar DNA ta ciwon hanta ba ta tada garkuwa sosai a ɓeraye

Malama, kin ce ɓerayen gwajinki a Samaru sun karɓi allurar DNA ta ciwon hanta nau'in B, wato rigakafin da ke sa ƙwayoyin jiki su ƙera furotin na ƙwayar cutar da kansu, amma garkuwar ta yi rauni. Dama yawancin DNA ɗin a wajen ƙwayoyin tsoka yake lalacewa, kaɗan ke shiga. Ki ba kowane ɓera mikirogiram 50 na DNA ɗin a tsokar ƙafa, nan take ki bi wurin da gajeren bugun lantarki, shi ke buɗe ƙwayoyin. Bayan mako 3, kada ki maimaita DNA, ki yi allurar furotin HBsAg, wato furotin da ke saman ƙwayar cutar. Ni dai wannan na fi yarda da shi. Ki tace DNA ɗin sosai daga gubar E. coli, bakteriyar da ake yawaita DNA ɗin a cikinta, in ba haka ba kumburi zai rikita sakamako. Ki auna anti-HBs, wato garkuwar da ke yaƙar HBsAg a cikin jini, mako 2 bayan allurar ƙarshe.