Ni ma na taɓa zama kamar yayanki

'Yar'uwa, sai da na karanta tambayarki sau biyu kafin na iya amsawa. Kin ce tun da bam ya tashi kusa da wurin aikin yayanki ya zama wani mutum daban. Shi da a da yake cewa ko ɓarawo a kai shi kotu, yanzu cewa yake a samo shugaba mai zafin hannu ya share su duka har danginsu. Kina tambaya ko wani ne ya hure masa kunne. Ni a ganina babu wanda ya hure masa, domin na bi ta wannan hanyar.

Shekarun baya 'yan bindiga suka tare motar da nake ciki da dare. Mutumin da ke kusa da ni, wanda muka yi ta hira tun tashinmu, shi harsashi ya samu. Da jininsa a hannun rigata na kwana. Na dawo gida aka yi ta min barka da arziki, ni ma na ɗauka shi ke nan. Ban taɓa ce wa kowa ina jin tsoro ba, don ni kaina ban san ina ji ba. Sai dai nakan duba sakatar ƙofa sau uku kafin in kwanta, kuma duk ɗan siyasar da ya fito yana cika baki zai murƙushe, zai ƙone, zai kawar, sai in ji sanyi a raina. Wanda ya ambaci bincike ko shari'a kuwa, kallon munafuki nake masa. Har na daina gaisawa da abokina na ƙuruciya saboda ya ce ba duk 'yan ƙabilar maharan ne masu laifi ba.

Daga baya na gano masana sun daɗe suna nazarin wannan. A 1973 wani masani ɗan Amurka, Ernest Becker, ya rubuta cewa ɗan Adam ya san zai mutu, kuma don ya iya rayuwa da wannan sanin sai ya jingina da abin da zai wanzu bayansa: ƙasa, ƙabila, aƙida, jam'iyya. Wanda ya taɓa wannan jingina, kamar ransa ya taɓa. Masana halayyar ɗan Adam uku, Jeff Greenberg da Sheldon Solomon da Tom Pyszczynski, suka ɗauki maganar suka gwada ta. A binciken da suka fitar a 1989, sun sa wasu alƙalan birnin Tucson na Amurka su rubuta abin da zai faru da jikinsu idan sun mutu, sannan su yanke kuɗin belin wata mata da ake tuhuma da karuwanci. Waɗanda aka tuna wa mutuwa sun yanke kimanin dala 455, sauran kuwa dala 50. Alƙalai ne fa, masu horon ajiye son zuciya. Abin da ya fi taɓa ni shi ne sun lura tasirin ya fi fitowa bayan an ɗauke hankalin mutum ya daina tunanin mutuwar. Shi ya sa yayanki ba zai ce miki tsoro yake ji ba, fushi kawai za ki gani.

A siyasa ma an gani. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, farin jinin shugaban Amurka na lokacin, George W. Bush, ya tashi daga kashi 51 zuwa 90 cikin ɗari a ƙididdigar kamfanin jin ra'ayin jama'a na Gallup. Amma tsoro ba gefe ɗaya yake kora mutane ba. An kai hari kan jiragen ƙasa a Madrid ranar 11 ga Maris 2004, mutum sama da 190 suka rasu, bayan kwana uku masu zaɓe suka kayar da jam'iyya mai mulki, wadda ta yi gaggawar ɗora wa ETA, ƙungiyar 'yan awaren yankin Basque, laifin. Wasu masana na cewa tsoro na kai mutum ga ra'ayin mazan jiya, wasu na cewa ƙara damƙe abin da ke hannunsa yake yi. Ni na fi karkata ga na biyu, ko da yake ba na ɗaukar gwaje-gwajen nan a matsayin yankan wuƙa, tun da a 2019 wasu ɗakunan bincike sun maimaita ɗaya daga ciki ba su samu sakamakon ba.

Don haka ki bar musun siyasa da shi tukuna. Matata ta yi wata da watanni tana kawo min hujja, kullum ƙara taurin kai nake. Wani dare sai ta bar wannan, ta tambaye ni sunan mutumin da ya rasu a gefena. Na buɗe baki na ga ban sani ba. Tun tashinmu muna hira, ya ba ni labarin 'yarsa da za ta fara makaranta, amma ban tambayi sunansa ba. A daren na fara kuka tun faruwar abin.

Ki tambayi yayanki ranar nan: ina yake tsaye, me ya ji, wa ya gani. Idan barci na gagararsa ko ƙara kaɗan na firgita shi, ki lallaɓa shi ya ga likita. Ni dai sai bayan kusan shekara na iya zuwa ƙofar abokin nan nawa na yi sallama.