Wilcannia, garin da kogi ya raina

Ƙanwata, kin ce Wilcannia za a tura ki aikin jinya, kina mamakin manyan gine-ginen dutse da kika gani a hoto alhali ba mutane. Na yi shekara biyu a Broken Hill, kusan kilomita 200 yamma da shi, ta cikin Wilcannia nake bi in zan tafi Sidni.

Yana can yammacin jihar New South Wales ta Ostireliya, a bakin kogin Darling. Fili ne fetal, jar ƙasa da guntayen itatuwa. Zafi daga Disamba zuwa Fabrairu ne, yakan haura digiri 40. Ƙudaje kuwa, ki tanadi haƙuri.

Masu wurin na asali su ne Barkindji. Baaka suke ce wa kogin, sunansu ma daga nan ya fito. A 1866 Turawa suka kafa garin, lokacin da kogin nan shi ne hanya. Jiragen ruwa masu aiki da tururi su hauro da fulawa da sukari da shayi, su koma maƙare da gashin tumaki. Kuɗin gashin nan ne ya gina kotun da gidan wayan da kika gani, har jama'a suka kai kusan 3,000 a shekarun 1880. Ki duba tsohuwar gadar 1896: tsakiyarta ake ɗagawa sama jirgi ya wuce. Inda ruwa bai kai ba kuwa raƙuma ke kai kaya, masu jan su Musulmi ne da ake kira 'yan Afgan. Ƙaramin masallacinsu na kwano yana nan a Broken Hill, ki je ki gani.

Sai dai Darling ba kogin dogaro ba ne. Ruwa ya janye, jirgi ya kafe wata da watanni. Layin dogo kuma ya bi ta wani gari, Menindee, ya bar Wilcannia a gefe, manyan motoci suka ƙarasa sauran. Yau mutanen ba su kai 800 ba.

A farkon 2019 na tsaya a kan gada, ban ga komai ba sai yashi da korayen kududdufai. Kowa ka taɓa sai ya ce masu noman auduga ne ke janye ruwan daga can saman kogin, kuma ni dai ban ga laifin fushinsu ba. Wannan maganar za ki ta ji daga marasa lafiyarki.

Ki cika tanki kafin ki baro Broken Hill, kada kuma ki yi tuƙi da magariba, lokacin ne kangaru, dabbar dajin nan mai tsalle, ke faɗowa titi.