Fatawa: Za mu koma Garwa, wace makaranta zan sa yarana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne mai sayar da albasa, kuma bana zan kwaso iyalina daga Gidar mu koma Garwa kafin a buɗe makarantu a watan Satumba. Yarana uku: namiji mai shekara 8, mace mai 6, da ƙaraminsu mai 4. Na sami gidan haya kusa da wata makarantar gwamnati, amma an ce yara sun yi yawa a aji. Akwai Faranko-Arab, mai haɗa boko na Faransanci da karatun Larabci, a wata unguwa mai nisa, sai an hau mashin, kuma kuɗinta ya fi ƙarfina sai dai in ci bashi mai ruwa. Akwai kuma ta mishan da ake yabon sakamakonta. Wani ya ce in sa namijin a Faranko-Arab, macen ta shiga ta gwamnati. Shin ina da zunubi idan na sa su duka a ta gwamnati?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ba ka da zunubi idan ka sa su a makarantar gwamnati, da sharaɗin ka tanadar musu inda za su koyi Alƙur'ani, tsarki da salla, kuma kai da kanka kana bin diddigin abin. Bashi mai ruwa kuwa bai halatta ba, ko da makarantar da za a biya ta addini ce.

Abin da shari'a ta ɗora maka ba sunan makaranta ba ne. Allah ya ce a Suratut Tahrim, aya ta 6: "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku kare kanku da iyalanku daga wuta." Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Ibn Umar cewa kowannenku makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Wajibin shi ne yaro ya san Ubangijinsa, ya iya alwala da salla, ya san halal da haram gwargwadon shekarunsa, kuma a tsare jikinsa da tarbiyyarsa. Makaranta hanya ce ta sauke wannan nauyi, kuma hanya tana ɗaukar hukuncin inda take kaiwa. Ibn Abi Zaid bai rubuta Risala da muke karantawa a zaure ba sai don a koyar da yara, kuma tun a gabatarwarta ya kawo cewa a umarce su da salla suna da shekara 7. Ɗanka na fari ya riga ya wuce wannan layi, don haka in akwai gaggawa a lamarinka to nan take, ba a zaɓen yunifom ba.

Karatun boko kansa, da Faransanci ko da Turanci, babu laifi a cikinsa. Annabi (SAW) ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Imamu Ahmad kuma ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wasu fursunonin Badar da ba su da fansa, an sa fansarsu ta zama koya wa 'ya'yan Ansar rubutu, alhali a lokacin mushrikai ne. Yaron da zai girma a Kamaru bai iya karanta takardar asibiti ko ta kotu ba, an bar shi a hannun duk wanda ya ga damar cutarsa.

Sai dai ka san abin da za ka samu a ta gwamnati da abin da ba za ka samu ba. Dokar ilimi ta 1998 ta ce makarantar gwamnati ba ruwanta da addini, don haka kada ka jira ta koya wa ɗanka Fatiha. Tun shekarar 2000 aka soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati, amma za ka biya kuɗin ƙungiyar iyaye, wato APEE, da littattafai, kuma a makarantu da yawa da wannan kuɗin ake biyan malaman da iyaye suka ɗauka. Giɓin addinin kai za ka cike shi, da makarantar allo ko Islamiyya bayan la'asar da ranakun Asabar da Lahadi. A Garwa wannan ba abu ne mai wuya ba.

Faranko-Arab, idan ta gaskiya ce kuma kana da hali, ita ta fi, domin tana haɗa wa yaro karatun biyu a wuri ɗaya, ta rage masa gajiya. Amma ina jan kunnen iyaye a kan wani abu: allon da aka kafa a ƙofa ba shaida ba ne. Akwai masu kama gida mai ɗaki huɗu su shafa masa koren fenti, su rubuta suna da Larabci, su fara karɓar kuɗi. Ka tambayi darakta takardar izinin buɗewa daga ma'aikatar ilimin firamare, domin hukuma takan rufe makarantun da ba su da izini, kuma yaro ne ke asarar shekara. Ka tambaya ko ɗalibansu suna zana jarrabawar kammala firamare, wato CEP. Sannan ka je da kanka ranar karatu, ba tare da ka sanar ba. Ka roƙi a ba ka littafin rubutun wani yaro ɗan aji uku ka buɗe: akwai jan biron malami a shafukan makon nan, ko rabon da a duba shi tun farkon zango? Ka sa yaron ya karanta maka layi biyu na Faransanci da gajeriyar sura ɗaya. Ka leƙa bayan gida, ka ga ko an raba na maza da na mata, ka ga inda suke shan ruwa, domin wanda ya san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu ya san wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. Irin wannan dubawar za ka yi wa ta gwamnatin ma. Aji mai cunkoso da malami mai zuwa kullum ya fi aji mai fanka da malami mai fashi.

Ka kuma dubi hannun malaman. Ibn Sahnun, ɗaya daga cikin manyan Malikiyya na Ƙairawan, ya iyakance horon malami ga bulala uku sai da izinin uba, kuma malamanmu sun hana dukan fuska da kai. Dokar 1998 ɗin nan ma ta hana dukan ɗalibai. Makarantar da yaro ke dawowa da shatar bulala a baya ba ta zama ta ƙwarai don ana karanta Alƙur'ani a cikinta ba.

Batun bashi gajere ne. Allah ya halatta ciniki ya haramta riba, kuma ya ce a Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 7, mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Lalurar da ke halatta haram ita ce wadda babu mafita daga gare ta, kai kuwa ga mafita a bakin ƙofarka. Idan ka sami rance marar ruwa, ko adashi, ko makarantar ta yarda ka biya kashi-kashi kamar yadda da yawa ke yi, babu laifi. Ka sa kuɗin mashin na wata tara a lissafi, ka kuma tuna cewa ɗora ƙananan yara biyu a bayan mashin safe da rana ba tare da babba ba, shi ma abin tambaya ne a kiwon da aka ba ka.

Ta mishan kuwa akwai bayani. An ruwaito cewa Imamu Malik ya ƙi Musulmi ya kai ɗansa makarantar Nasara, kuma dalilin a fili yake: ƙaramin yaro bai iya tace abin da yake ji ba. Idan ana tilasta wa yara addu'ar coci ko darasin aƙidarsu, bai halatta ka sa su ba. Idan an keɓe 'ya'yan Musulmi daga wannan, kuma babu wata makarantar kirki, wasu malamai sun sauƙaƙa. Ba muna zargin mutanen ba ne, maƙwabtanmu ne kuma da yawansu suna aiki da gaskiya. Amma kai kana da zaɓi biyu, kuma yaranka ƙanana ne, don haka ban ga abin da zai kai ka can ba.

Shawarar da aka ba ka ta fifita namiji, ka ajiye ta. A hadisin Nu'umanu ɗan Bashir da ke Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) ya ce: "Ku ji tsoron Allah, ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku." Ya halatta a bambanta ciyarwa saboda buƙata, kamar a kashe wa marar lafiya fiye da mai lafiya, ko wanda ya kai sakandare fiye da ɗan firamare. Amma a ce wannan namiji ne, waccan gidan wani za ta, wannan ba buƙata ba ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausar suka ga malaman zamaninsa da ke koyar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Kuma tafiyarsu makaranta ɗaya, yaya yana riƙe da hannun ƙanwarsa, ta fi maka kwanciyar hankali.

Tunda ba ka riga ka tare ba, ka dubi unguwar kamar yadda ka dubi makarantar. Yaro yana awoyi a aji, sauran yininsa a layi yake, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ka je bayan magariba ka ga abin da samarin layin ke yi, da ko masallacin yana da yara a sahu. Ka saurari uwar yaran a wannan, domin ita ce za ta wuni da su kana kasuwa.

Ƙaramin mai shekara 4 babu wajibin kai shi ko'ina. Ajin farko na firamare, SIL, sai shekara 6. In ya bi yayyensa makarantar allo ya ji ana biyawa, ya wadatar.

Kafin ka bar Gidar, ka tabbata kowane yaro yana da takardar haihuwa, ka kuma karɓo wa babban takardar shaidar ajin da ya kai. Yara da yawa a arewa sukan yi shekara shida a firamare, sai sun kai ajin ƙarshe, CM2, a ce ba za su zana CEP ba don babu takardar haihuwa. Idan lokacin yin ta ya wuce, sai an bi ta kotu, kuma wannan yana cin lokaci da kuɗi. Abin da haƙƙin yaro ba ya cika sai da shi, nemansa yana kan uba, don haka ka fara tun yanzu.

Allah ne mafi sani.