Amsa ga mai tambaya kan hanyar kankare da ta tsage a tsakar gida

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka, inda ka ce ka zuba hanyar kankare daga zaure zuwa ƙofar ɗakunan gidanka a Birnin Kebbi cikin watan Afrilu, ba a rufa wata huɗu ba ta tsattsage, samanta kuma yana ta fitar da gari duk lokacin da aka yi shara. Kana son sanin ko simintin ne ba shi da kyau, da kuma yadda za ka ɓullo wa aikin idan ka tashi sakewa. Na shafe sama da shekara ashirin ina tsaye a kan aikin gini tsakanin Birnin Kebbi da Jega da Argungu, kuma abin da ya same ka ya taɓa samuna a cikin gidana, don haka zan faɗa maka abin da idona ya gani.

Da wuya a ce laifin siminti ne. Muddin buhun bai daɗe a ajiye har ya yi ƙulalai ba, simintin da ake kawo mana daga Kalambaina ta Sakkwato da sauran masana'antun ƙasar nan ya isa wannan aiki har ya yi saura. Abin da ke kashe kankare a ƙasarmu ruwa ne ta fuska biyu: ruwan da ake ƙara masa wajen kwaɓi alhali ba ya buƙata, da ruwan da ake hana shi bayan an zuba alhali a lokacin ne yake tsananin buƙata. Mutane da yawa, har da wasu maginan, sun ɗauka cewa kankare bushewa yake yi kamar tubalin laka, wato rana ce ke ba shi ƙarfi. Ba haka abin yake ba. Siminti da ruwa haɗuwa suke yi su rikiɗa su zama dutse, kuma wannan rikiɗa tana ci gaba ne kwana da kwanaki matuƙar akwai danshi a jikinsa. A ƙa'ida sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa, a kwana 7 na farko kuma yake samun wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfin. Idan rana da iska suka zuƙe ruwan tun ranar farko, aikin ya tsaya ke nan a sama, kuma garin da kake sharewa shi ne simintin da bai samu ruwan da zai nuna ba.

Nawa aikin a watan Afrilu na yi shi, kamar naka. Tsakuwa ba ta iso da wuri ba, sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka fara kwaɓi, a lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura maki 40. Tsakuwar da yashin sun sha rana, ruwan kuma daga baƙin tankin da ke kan rufi aka sauko da shi, da kyar hannu ke jure shi. Kwaɓin ya riƙa kamewa a cikin baro tun kafin a kai shi wurin zubawa. Ina tsaye wani lebura ya ɗauki bokiti ya antaya masa ruwa, ya juya da shebur har ya koma kamar kunu, kowa ya ji daɗi domin aiki ya yi sauƙi. Da ruwa ya taso sama, magini ya barbaɗa busasshen siminti ya goge da cokalinsa har wurin ya yi sheƙi. Kafin la'asar na durƙusa na ga siraran tsagu kamar sawun kaza sun bazu a ko'ina. Ban hana ba alhali na san ƙa'ida, domin ina son a gama a ranar, kuma bayan shekara biyu na fasa hanyar gaba ɗaya na sake biyan kuɗinta.

Saboda haka abu na farko da zan roƙe ka shi ne ka zaɓi lokaci. Idan da hali, ka guji Maris zuwa Mayu. Ka kuma yi hattara da hunturu, domin sanyinsa yana ruɗin mutane su ɗauka lokacin zuba kankare ne mai kyau, alhali busasshiyar iskarsa tana lashe ruwan saman kankare da sauri ƙwarai, har ya tsage cikin 'yan sa'o'i ba tare da an ji zafin rana ba. A ganina damina ko ƙarshenta ya fi, lokacin da iska ke ɗauke da danshi kuma ruwa ba ya wahala, sai dai a tanadi leda saboda hadari. Ko wane wata ka zaɓa, a fara zubawa da an sallame sallar asuba a gama kafin hantsi ya dubi ludayi, ko kuma a fara bayan la'asar aikin ya kwana cikin sanyin dare. A yayyafa wa tulin tsakuwa ruwa tun daren jiya, a ajiye ruwan kwaɓi a inuwa, kuma kada a kwaɓa abin da ya fi ƙarfin a zuba shi a daidaita cikin minti arba'in ko makamancin haka.

Game da ma'auni, abin da ake amfani da shi ga irin wannan hanya shi ne siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Buhu mai kilo 50 yana cika kwanon sarki wajen biyu, wato kowane buhu zai ci kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. Ruwa kuwa kada ya wuce jarka ɗaya mai lita 25 ga kowane buhu, idan yashin a jiƙe yake ma a rage. Ka sa a auna da jarkar a gabanka, kada a yi da ido ko da tiyo. Leburori za su yi ƙorafi cewa kwaɓin ya yi tauri, kuma gaskiyarsu ce, ya fi wahalar juyawa da bazawa. Gara ka ƙara musu wani abu a kan kuɗin yini, ko ka ƙara mutum ɗaya, da ka bari a ƙara ruwa, domin duk ruwan da ya wuce kima fita zai yi daga baya ya bar ƙananan ramuka a cikin kankaren. Idan hanyarka ta kai mita 12 a tsawo, mita 1.2 a faɗi, kaurinta santimita 10, ka yi lissafin buhu tara zuwa goma. Wanda ya ce maka zai yi ta da biyar, ka san inda zai rage. Yashin kuma ya zama mai kaifi na gulbi. Ka zuba kaɗan a kwalba ka cika da ruwa, ka girgiza ka ajiye. Idan laka mai kauri ta kwanta a kansa, ka nemi wani ko a wanke shi.

Ba ka faɗi unguwarku ba, amma wannan yana da muhimmanci. Gidajen da ke kan tudu, inda ƙasa take jigawa ko marmara, ba su da matsala sosai. Waɗanda suka gangara wajen fadama kuwa suna kan laka mai kumbura da damina, ta tsuke ta dare da rani, kuma duk abin da aka ɗora mata sai ta motsa shi. A irin wannan wuri a kwashe ƙasar sama da duk wani saiwa, a zuba burji ko marmara mai kaurin santimita 10 zuwa 15, a jiƙa a daddaɓe shi sosai. Iyayenmu mata da suke daɓen ɗaki da madaɓi da ruwan makuba sun san cewa ƙarfin daɓe yana cikin dukan da ya sha, kuma haka ƙasan kankare yake. A jiƙa wannan shimfiɗa tun yamma, yadda da safe za ta kasance da danshi ba tare da ruwa ya kwanta ba, domin busasshiyar ƙasa tana tsotse ruwan kwaɓi ta ƙasa kamar yadda rana ke yi ta sama. Shi kankaren kuwa, kaurin santimita 10 ya isa ga tafiyar ƙafa da babur. Inda mota za ta taka a kai shi 15.

Akwai wata gaskiya da ya kamata ka karɓa tun yanzu: kankare sai ya motsa. Yana tsukewa kaɗan yayin da yake nuna, sannan yana miƙewa da rana ya koma da dare. Hanya mai mita 12, idan zafin jikinta ya sauya da maki 30 tsakanin tsakar rana da asuba, tsawonta na iya sauyawa da milimita uku zuwa huɗu. Wannan kaɗan ne a ido, amma ya isa ya tsaga ta. Dabarar ita ce kai ka zaɓa mata inda za ta tsage. Tun tana da taushi a ja layi a gicciye da bakin ƙarfe ko siririn katako, zurfinsa ya kai rubu'in kaurin, wato santimita biyu da rabi, a kowace mita 1.2 zuwa 1.5, yadda kowane yanki zai zama kusan murabba'i. Layin ado da ake ja da bakin cokali a sama ba ya yin wannan aiki. Inda hanyar ta haɗu da bango ko dokin ƙofa kuma a saka siririn soso ko katako a tsakani, kada a manne su. Ragar ƙarfe ba ta hana tsaguwa, riƙe bakin tsagar take yi kada ta buɗe, kuma idan aka shimfiɗa ta a ƙasa aka zuba kankare a kai, ba a ɗaga ta zuwa tsakiya ba, an yi asarar kuɗinta.

Wajen gyaran sama, kada a taɓa shi da cokali matuƙar ruwa yana kwance, kuma kada ka yarda a barbaɗa busasshen siminti. Wannan ɓawon mai sheƙi shi ne ke fara ɓarewa, ga shi da santsi idan ya jiƙe, a gidan da tsofaffi ke fita alwala da asuba. A daidaita da katako, sannan a ja tsintsiya a gicciye ta bar 'yan siraran layuka masu riƙe ƙafa. A kuma karkata hanyar da santimita biyu a kowace mita, ruwa ya gangara nesa da bangon ɗaki.

Yanzu sai shayarwa, wadda ita ce rabin aikin, kuma ita ce magini ba ya nan lokacin da ake yin ta, domin ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Yayyafa ruwa safe da yamma ba ya wadatarwa a garinmu, saboda cikin rabin sa'a wurin ya bushe, ya yini a ƙone. Da zarar saman ya kama yadda yatsa ba ya barin shaida, a rufe shi da jiƙaƙƙun buhunan algarara a ɗora farar leda a danne gefunanta da duwatsu. Washegari kuma a yi abin da na fi amincewa da shi, wanda duk mutumin Kebbi ya san shi daga gonar shinkafa: a ja 'yar kunya ta ƙasa a gefunan hanyar, a rarraba ta fangali-fangali saboda gangara, a cika da ruwa ya kwanta kamar kaurin yatsa biyu. A riƙa ƙarawa har kwana 7 ba tare da ya ƙafe ko sau ɗaya ba, idan ka iya kai shi goma ya fi. Ka sa kuɗin 'yan ga-ruwa na wannan mako cikin lissafinka tun farko kamar yadda ka sa na siminti, ka kuma ɗora wa mutum ɗaya a gida alhakin dubawa, a shimfiɗa wa iyali katako su riƙa bi ta gefe.

Wata shawara da ba ka tambaya ba, amma ina ganin hakki ne in faɗa: kada nasarar hanyar ta ja ka ka malale tsakar gidan duka. Kankare yana shan zafi yini guda ya riƙa amayar da shi da dare, a watannin da iyali ke kwana a waje, kuma da azahar yaro ba ya iya taka shi ba takalmi. Ruwan sama ma da ƙasa za ta sha sai ya kwarara lungu ya dami maƙwabta. Ka bar fili da bishiya, sai dai idan dogon yaro ne ka nisanta shi da hanyar, domin na sha ganin saiwarsa ta ɗaga kankare ta karya shi.

Game da tsohuwar hanyar, kafin ka fasa ka ɗauki guntun rodi ka bi ta kana ƙwanƙwasawa. Idan tana amsawa da ƙarfi, tsagun sirara ne kuma gefe bai fi gefe tudu ba, za ta iya yi maka wasu shekaru a haka, ka tara kuɗi a tsanake. Idan kuwa ka ji tana amo kamar ganga, ko wani ɓangare ya nutse, ko ƙusa tana kankare samanta cikin sauƙi, to a fasa. Kada ka yarda da wanda zai ce a shafa mata siminti mai kaurin yatsa a rufe, domin tsagun ƙasa za su huda shi su fito, ya kuma ɓare kafin damina biyu. Ɓaraguzan da aka fasa kada a zubar; a farfasa su ƙanana a daddaɓe su a ƙarƙashin sabuwar hanyar, za su rage maka kuɗin burji. Idan ka duba, ka sanar da ni irin ƙasar unguwarku da tsawon hanyar da faɗinta, in taya ka lissafin kayan.