Amsar tambayarka kan babannin fadar Farisa

Ɗana na ga saƙonka, wai me ya sa sarakunan Farisa na da suke cika fada da babanni, wato mazan da aka dandaƙe, har suna ba su manyan muƙamai. To ai lissafin sarki ne. Mutumin da ba mata ba 'ya'ya ba wanda zai gaje shi, wa zai yi wa kwaɗayin sarauta? Kuma shi kaɗai ne namijin da zai shiga cikin gida wajen matan sarki ya fito ba a ɗaga gira ba. Shi ya sa Herodotus, marubucin tarihi na Girka ta da, ya ce lardin Babila da Assuriya kaɗai yara babanni 500 yake aikawa duk shekara cikin haraji, abin tausayi wallahi, yaran ba wanda ya tambaye su.

Amma fa lissafin bai cika fita daidai ba, don wanda ke miƙa maka kofi yana tsare ƙofar ɗakin kwananka, ranka a hannunsa yake. Akwai wani daga cikin babannin mai suna Bagoas, a shekara ta 338 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya sa wa sarki Artaxerxes na uku guba, ya ɗora ɗan sarkin mai suna Arses, bayan shekara biyu shi ma ya aika shi barzahu, ya kawo Dariyus na uku yana ganin ya samu ɗan amshin shata. Da ya haɗa wa wannan ɗin nasa kofin sai sarki ya gano, ya ce to bismilla kai fara sha. Nan ya ƙare.

Mutanen Makedoniya su da farko babanni abin raini ne a wurinsu, amma da sarkinsu Iskandar ya ci Farisa a 330 sai ya gaji fadar da kayanta, har da wani saurayi cikin babannin shi ma Bagoas sunansa, kar ka haɗa su. Wani gwamna Orxines ya raba wa fadawa kyauta ya tsallake shi da gangan har da baƙar magana, yaron nan ya yi ta zuga a kunnen sarki har sai da aka kashe gwamnan.

Kuma kar ka ɗauka can ne kawai, ko a Kano an ce Muhammadu Rumfa ne ya fara ba babanni sarautu. In ka zo hutu ka tuna min, zancen da tsawo, yatsuna sun gaji da wayar nan. Ka gaida mamanka.