Tambayoyinku: Ɓoyayyun abubuwa a cikin firosesa

Tambaya: Malam, na so ɗora Windows 11 amma kwamfutar ta ce ba ni da TPM 2.0. Sai na sayi sabuwa ke nan?

Amsa: Kada ka yi gaggawa. TPM wani ɓangaren tsaro ne da ke adana makullan sirri, kuma sau da yawa yana ciki, a kashe aka bar shi. Shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga lokacin da kwamfuta ke tashi, ka duba ɓangaren tsaro, in Intel ce ka kunna PTT, in AMD ce ka kunna fTPM. Amma in firosesar ta girmi zubi na 8 na Intel, to matsalar tsufa ce.

Tambaya: Abokina ya turo mini wata manhaja, ya ce firosesata mai kor huɗu, wato 'yan ƙwaƙwalen aiki huɗu, a gaskiya takwas ce, kamfani ne ya kulle sauran, kuma manhajar za ta buɗe su. Na sauke ta, sai ta ce in kashe antibairos kafin ta fara aiki. In kashe?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka kashe. Goge manhajar nan kafin ka gama karanta wannan amsa. Ɓarawo ya ce ka ɗaure karenka ya shigo ya gyara maka gida, kai kuma kana tambaya ko da wace igiya za ka ɗaure shi! Wannan maganar tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin ƙaryar an gina ta ne a kan wata 'yar gaskiya.

Ga gaskiyar. Ana ƙera firosesa da yawa a kan faifan siliki guda, kuma ba duka suke fitowa lafiya ba. Wata kor ɗaya ta lalace, wata kuma tana aiki amma tana shan wuta fiye da kima. Maimakon a zubar, sai kamfani ya kashe ɓangaren da ya samu matsala ya sayar da ita a matsayin ƙarama. A 2009 AMD ta fitar da Phenom II X2 da X3, waɗanda asalinsu masu kor huɗu ne, kuma wasu madabod, wato babban allon da firosesa ke zama a kai, suna da wani saiti a BIOS da ke farkar da waɗanda aka kashe. Wasu sun dace, wasu kuwa kwamfutarsu ta riƙa daskarewa, domin da ma ba a banza aka kashe su ba. A 2010 Intel ta taɓa sayar da kati na dala 50 da ke buɗe Hyper-Threading (dabarar da ke sa kor ɗaya ta riƙe ayyuka biyu a lokaci guda) da ƙarin ma'ajiya a Pentium G6951, mutane suka yi ca a kanta, ba a daɗe ba ta daina. Ko a 2021 an gano cewa firosesar Intel ta zubi na 12 tana da wasu umarnin saurin lissafi da ake kira AVX-512 a ɓoye, amma a 2022 kamfanin ya toshe shi.

Yanzu kashewar a jikin silikin ake yi, ana ƙona wasu 'yan mitsi-mitsin fis tun a masana'anta. Abin da aka ƙone ba manhajar da za ta dawo da shi. An taɓa kawo mini wata laftof, fanka na ruri kamar za ta tashi sama alhali ba a buɗe komai ba, ƙasanta da zafi har ba ka iya ɗora ta a cinya. Na buɗe Task Manager, firosesa na kan kashi 100. Mai ita ya ɗora irin wannan manhaja, ita kuma tana haƙa wa wani kuɗin kirifto da wutarsa. Wasu ma kalmomin sirri suke kwashewa.

Masu shiga msconfig, wani shafin saitin Windows, su zaɓi adadin firosesa wai don su ƙara sauri, ku ma ku daina. Wancan akwatin na rage kor ne domin gwaji, Windows da ma tana amfani da duk abin da take da shi. In sauri kake so, ka sa SSD, ka ƙara RAM, ka busa ƙurar fanka. Ni kullum da waɗannan ukun nake farawa.

Tambaya: Gaskiya ne akwai wata ƙaramar kwamfuta a cikin kwamfutata da ke leƙen asirina?

Amsa: Ƙaramar kwamfutar kam akwai ta, Hajiya. Intel na kiran tata Management Engine, tana cikin kusan duk na'urorinsu tun wajejen 2008, kuma tana iya aiki ko an kashe kwamfutar muddin wuta na shiga. AMD ma tana da tata, PSP. Ta Intel ɗin an yi ta ne domin tayar da na'ura da tsaro da kuma bai wa kamfanoni damar gyara kwamfutocin ma'aikata daga nesa. A 2017 an gano babbar ɓaraka a cikinta, a shekarar kuma masu bincike na Positive Technologies suka gano wani ɓoyayyen makunni da ke kashe mafi yawan aikinta, wanda aka tanada domin wani shirin tsaro na gwamnatin Amurka. Kada ki ce za ki cire ta da kanki, kuskure kaɗan zai hana kwamfutar tashi. Ki sabunta BIOS daga shafin kamfanin da ya ƙera ta.

Tambaya: Manhajar buga wasannin Android a kwamfuta tana tafiyar hawainiya, wai in kunna VT.

Amsa: To ka kunna mana. VT saiti ne da ke taimaka wa firosesa ta kwaikwayi wata na'ura, kamar wayar Android, a cikin kwamfuta. Yana BIOS, VT-x a Intel, SVM a AMD.