Yaya zan saita Vim ya rubuta min ƙ, ɗ da ɓ?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a fannin kwamfuta, ina zaune a Yelwa, Bauchi. Laftof ɗina tsohuwa ce, shi ya sa na koma Vim, manhajar rubutu, don ba ya da nauyi. Wani abokina ya ba ni fayil ɗin saitinsa mai layi sama da 400, na kwafa, yanzu kullum na buɗe sai jajayen saƙonni sun fito. Kuma ina rubuta bayanan karatu da Hausa, amma ban san yadda zan samu ƙ, ɗ da ɓ ba, sai dai in sa k' da d'. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka yi zaɓi mai kyau. Bram Moolenaar, ɗan ƙasar Holan, ya fitar da Vim a 1991, ya gina shi a kan tsarin vi wanda Bill Joy ya rubuta a 1976, zamanin da kwamfutoci ba su kai ko kusa da taka ƙarfi ba.

Fayil ɗin abokinka kuwa, ka ajiye shi gefe. Rigar da aka ɗinka wa wani ce, da aljihu inda hannunsa yake kaiwa. Galibi jajayen saƙonnin suna fitowa ne saboda fayil ɗin yana kiran ƙananan manhajojin da shi ya jona wa Vim ɗinsa, kai kuma ba ka da su. In kana son tabbatarwa, buɗe da vim -u NONE. Wannan yana hana shi karanta kowane saiti, kuma za ka ga kukan ya tsaya. Sai ka canza wa tsohon suna, ka buɗe sabo fanko. A Linux sunansa .vimrc a babban folda ɗinka, a Windows kuma _vimrc. Ƙa'idar da nake bi, nake kuma koya wa duk wanda ya zauna kusa da ni, ita ce kada layi ya shiga wannan fayil sai ka san matsalar da ya zo warwarewa. Kai ma ga matsalarka a hannu, mu fara da ita.

Layukan farko uku:

set encoding=utf-8
scriptencoding utf-8
filetype plugin indent on

Na farko yana gaya wa Vim ya riƙe rubutu da tsarin da ya san haruffanmu masu ƙugiya. Na biyu yana sanar da shi cewa shi kansa fayil ɗin saitin da wannan tsarin aka rubuta shi, kuma dole ya zo bayan na farko. Na uku yana sa ya gane irin fayil ɗin da ka buɗe, za ka ga amfaninsa nan gaba kaɗan.

Kowane harafi yana da lamba a Unicode, tsarin da ke ba haruffa lambobi a kwamfuta: ɓ ita ce 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, manyansu kuma Ɓ 0181, Ɗ 018A, Ƙ 0198. Kana cikin yanayin rubutu, danna Ctrl-V, sai u, sai lambar, harafin zai fito. A Windows wani lokaci Ctrl-V yana liƙa abin da ka kwafa ne, sai ka yi amfani da Ctrl-Q. Ba wanda zai iya rubuta shafi guda a haka, amma sau ɗaya kawai za ka yi, don ka samu haruffan da za ka saka a nan:

autocmd FileType text,markdown inoremap <buffer> ;k ƙ
autocmd FileType text,markdown inoremap <buffer> ;d ɗ
autocmd FileType text,markdown inoremap <buffer> ;b ɓ

Ka ƙara uku irinsu na manyan baƙaƙe. Daga nan duk lokacin da ka danna ; ka bi shi da k, ƙ za ka gani. Na zaɓi alamar ; ne da gangan. Mutane da yawa sukan ɗaura wannan aiki a kan alamar hamza, su manta cewa Hausa tana buƙatarta a kowane sakin layi: 'ya'ya, ma'aikata, jama'a, sa'a. Ita kuwa alamar ; kusan kullum fili ne ke bin ta, ba harafi ba. Kalmar buffer da ke tsakiya, tare da FileType, su ne suka tsare abin a fayilolin rubutu kaɗai. In ba haka ba, ranar da kake rubuta C ko JavaScript, inda kusan kowane layi da ; yake ƙarewa, za ka ga Vim yana ɗan jinkiri, domin yana jiran daƙiƙa 1 ya ga ko k na tafe. Harafin ƴ, mai lamba 01B4, a Nijar aka fi rubuta shi. Mu a Najeriya 'y muke yi, don haka ban sa shi ba.

Idan ka yi duk wannan sai ka ga akwati ko alamar tambaya a maimakon harafin, ɗora alamar rubutu a kansa ka danna ga. In ya nuna 0199, Vim ya yi nasa. Salon haruffan tagar da kake aiki a ciki ne bai da ƙ, sai ka canza shi.

Saura tsofaffin bayananka masu k' da d'. Nan ne za ka ɗanɗana abin da ya sa ake cewa Vim ana rubuta masa shiri:

function! GyaraHausa()
  %s/\Ck'/ƙ/gce
  %s/\Cd'/ɗ/gce
  %s/\Cb'/ɓ/gce
  %s/\CK'/Ƙ/gce
  %s/\CD'/Ɗ/gce
  %s/\CB'/Ɓ/gce
endfunction
command! Gyara call GyaraHausa()

Yanzu :Gyara ya zama umarninka na kanka. Dole sunan ya fara da babban baƙi, haka Vim ya shar'anta. Alamar % tana nufin fayil ɗin gaba ɗaya, \C tana hana shi cakuɗa babban baƙi da ƙarami, g tana kama duk wanda ke kan layi, e tana hana shi tsayawa in bai samu ko ɗaya ba.

Kada ka cire c ɗin nan, ina roƙonka. Ita ce ke sa ya tambaye ka kafin kowane canji, ka danna y ko n. Na taɓa cire ta don sauri a kan wani dogon rubutu, sai duk inda aka sa suna irin 'Ahmad' tsakanin alamomin zance ya koma Ahmaɗ, alamar rufewa ta ɓace. Sai da na bi shafi-shafi ina gyarawa, don na riga na adana na rufe kafin in lura. Da na lura da wuri, u kaɗai ta ishe ni in mayar.

Bayan kowane gyara a fayil ɗin saiti, rubuta :source % ka gwada nan take. Layukan autocmd ne kawai sai ka sake buɗe fayil ɗin rubutun kafin su kama. In wani maɓalli ya yi abin da ba ka zata ba, :verbose imap ;k zai nuna maka fayil ɗin da aka saita shi.

Abokai za su ce maka ka koma Neovim, wanda ya ɓalle daga Vim a 2014 kuma ake iya saita shi da harshen kwamfuta mai suna Lua. Yana da kyau, kuma layukan nan za su yi aiki a cikinsa in ka sa su a init.vim, fayil ɗin saitinsa. Amma kafin nan ka ba vimtutor, darasin koyon Vim, minti 30 na yammacin yau. Yana zuwa tare da Vim, ba ya cin data ko kaɗan.